Maganin Tsufa a Bikin Korgom

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je Korgom da sabuwar fuska ba. Rakiya, ƙawata tun muna 'yan lakwal, wato makarantar boko, muna raba ƙuli-ƙuli ɗaya, ita ke aurar da autarta, ta kuma gayyato duk tsofaffin 'yan ajinmu. Ni kuwa tun ƙuruciya ni ce "mai kyan aji", ban shirya sauka daga kujerar nan ba don kawai na aje aikin koyarwa.

Wata mata a waya ta tallata mini 'yar kwalba mai ruwa shuɗi-shuɗi, wai feftid sunansa, haɗin Turawa ne mai mayar da fata ɗanya. Ta ce ɗigo biyu ya isa. Na ce a raina ɗigo biyu na masu ƙananan shekaru ne (ni da jikata ta kusa aure). Daren biki na laɓta rabin kwalbar, da safe na ƙara, na bi da hoda.

Tun kafin ɗan kabu-kabu ya fitar da ni daga Tasawa fuska ta fara ƙaiƙayi. Ga rana, ga zufa. Ko da muka isa, kumatuna sun yi suntum kamar fanke, ido ɗaya ya kusa rufewa.

Ina shiga gida guɗa ta tsaya cak. Wata gwaggon Rakiya ta dafe ƙirji ta ce, "Subhanalla! 'Yar nan, zuma ce ta harbe ki?"

Wallahi da sauri na ce, "Ita ce, Gwaggo." (Allah Ya yafe mini, zuma ba ta ci mini komai ba.)

Kafin in ankara an kwantar da ni bisa tabarma a tsakar gida, an kwaɓo laka daga gindin randa an shafe mini fuska kaf, wai tana zuƙe dafi. Mata sun kewaye ni, sannu ta ko'ina. Rakiya ta buɗe jakata tana neman ƙyallen share mini ido, sai ga kwalba a hannunta, da rubutun Faransanci a jikinta. Kaico, ita ma ta iya Faransanci, ta ma fi ni.

Ta karanta a hankali, ta dube ni kwance cikin laka, ta ɗaga murya: "Jama'a, ga zumar nan na kama! Maganin tsufa ne!" Ta yi dariya har da hawaye, giɓinta duk a waje. "Haba ƙawalliya, rana ɗaya aka kai mu lakwal. Mu za ki ruɗa?"

Na so ƙasa ta tsage. Da mai hoto ya zo na ce sam, ta riƙo wuyana ta ce ko da lakar sai an ɗauka.

Bayan damina Rakiya ta kwanta, ba ta tashi ba. Hoton nan shi ne na ƙarshe da muka yi tare, yana nan jikin bangon ɗakina: ni kamar an tono ni daga gona, ita tana ƙyaƙyata. Ina kewarta ƙwarai.

Yanzu in na ga sabon tamoji a madubi, marhaba nake yi masa. Tsufan da na yi ta gudu, Rakiya ko rabinsa ba ta samu ba.