Matattun da Ɗantsoho Ya Hana Kwanciya

"Lafiya lau, amarya. Ya ƙarfin jiki? Ya haƙora, suna nan su biyun ko an yi rashi?"

"Suna nan, kuma sun isa su tauna ka har ƙashi. Ina saƙona?"

Haka suke gaisawa, Inna Talatu da jikanta Ɗantsoho. Ni Haulatu, autar Inna, ina gefe ina tsintar wake, ko kai ban ɗaga ba. Ranar da ba su zagi juna ba, to ɗaya ba shi da lafiya. Sunan mahaifinmu aka sa wa yaron, shi ya sa ake ce masa Ɗantsoho, Inna kuwa maigida take kiransa. Tela ne a nan cikin Daura, gemu har ya fito, amma a gaban Inna sai ka rantse bai bar wasan ƙasa ba.

Bara war haka Allah ya yi wa Baba rasuwa. Inna ta shiga takaba ta rufe baki. Ba kuka, ba magana, ba ci. Mun yi lallashi, mun yi faɗa, mun kawo malami ya yi nasiha, duk a banza. Sai ta kai loma ɗaya ta ture kwano. Wallahi ni har na cire rai. Ana haka, wata rana bayan la'asar Ɗantsoho ya zauna a bakin ƙofarta da wani littafi na aljanu da sadaukai, irin waɗanda ake shimfiɗawa a bakin tasha, ya kama karantawa da ƙarfi wai don ya ba ta haushi. Ana tsaka da yaƙi ya rufe, ya ce ba zai ci gaba ba sai ta sha koko. Ta zage shi tas, ta sha. Tun daga ranar kullum bayan la'asar yana karanta mata, don yanar ido ta rufe mata gani, har shekara ta zagayo.

Saƙon da take tambaya shi ne kashi na ƙarshe na wani littafi, labarin wata tsohuwa Lubaira da Sarkin Iska ya ɗauke wa miji, ta ɗaura zane ta bi sawu. Na san ya sayo, don da safe na biya shagonsa na tarar ya kifa kai a kansa. Ya ɗago ido jajur ya ce, "Goggo, mijin ba ya dawowa. In na karanta mata ta koma gidan jiya, me zan ce da ku?"

"Saƙonki ya ƙare a kasuwa," in ji shi yanzu, yana gyara zama a bakin tabarma. "Har Mai'adua na je. Mai littafi ya ce akuya ta cinye na ƙarshen."

"Akuyar ta yi karatu ke nan, ta fi mijina. Jawo mini ita ta faɗa mini yadda aka ƙare."

"An sayar da ita, ta tsallaka Nijar."

"Allah wadaran naka ya lalace! Wannan miji ne ko kaya? Sake ni in huta."

"In na sake ki wa zai kwasa? Ko da buhun gero aka haɗa ki, sai an dawo mini da ke a riƙe geron."

"Tsohuwar zuma da ita ake magani, ɗan nema. Kai ko ƙuda ba ka tarawa."

"Zumar da ta sandare a tulu."

"Zauna da kyau. Shekara guda kana cika mini kunne, yau ni ce mai karatu."

Ta jingina da bango ta miƙe ƙafa. Na san wannan zaman, shi take yi in za ta yanke hukunci.

"Littafin farkon nan, na sadaukin da ke sare kan dodanni, ban so shi ba. Mutum ya kashe dubu bai taɓa waiwayawa ya ce wa zai binne su ba. Kuma tun da aka fara har aka gama ban ji ya ci tuwo ba. Da me yake yaƙin, da iska?"

"Jarumi ne, ba irinki ba da sai an kama hannu za ki miƙe."

"Bokayensu kuwa duk sakarkaru ne. Kana da madubin da ke nuna maka bangon duniya, amma bai nuna maka wanda ke bayanka da wuƙa ba."

"Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta."

"Na yarinyar nan mai kiwon guguwa kamar awaki, wannan na so shi. Da ita na yi dariyata ta farko."

"Na ji ta. Na zaci tsohuwar ƙofa aka buɗe."

"Bakinka ya karye. Amma na damina, na garin da aka sace wa inuwa, shi ne ya zauna mini a rai. Mutane suna kai da komo, suna saye da sayarwa, amma kowa ya dubi ƙasa ba ya ganin komai a gefensa. Wanda ya rubuta wannan ya taɓa rashi. Har kan sallaya ya bi ni, sai da na yi istigfari."

Ɗantsoho ya sunkuyar da kai. Ya sa farce yana kankarar tabarma.

"Sai dai abu ɗaya na lura," in ji Inna. "Duk littattafan nan na shekara, babu mutumin kirki ko ɗaya da ya mutu."

Hannuna ya tsaya a cikin faifai.

"Marubutan ne masu tausayi," in ji shi.

"Masu tausayi, kuma duk 'yan ƙasar Daura. Maƙerin nan da aka soke da mashi mai dafi a birnin aljanu, da me ya warke?"

"Da magani mana."

"Da jiƙon sabara da jar kanwa. A ƙarƙashin teku! Wa ke saran sabara a ƙarƙashin teku? Tsohon sarkin da ya faɗo daga bayan tsuntsu fa, wa ya gyara shi?"

"Wani maɗori."

"Maɗori daga garin Dutsi nan kusa da mu, haka ka ce da bakinka. Ashe aljanu ma Dutsi suke zuwa ɗori."

Na so in yi dariya, sai na danne.

"Kuma takarda tana da kuka, maigida. In karatu kake ina jin ka juya ta. Da an zo gaɓar mutuwa sai takarda ta yi tsit, bakinka ya yi ta gudu shi kaɗai kamar keken ɗinkinka. Ido ne ya tafi, kunne yana nan daram."

"To tsohuwa mai kunnen zomo, tun yaushe kika gane?"

"Tun maƙeri."

"Kika yi shiru kina ta sa ni wahalar ƙirƙira?"

"A lokacin ina so. Ƙaryarka ce ta shayar da ni koko, Allah ya yi maka albarka."

Ban taɓa jin ta sa masa albarka a gaban mutane ba, kullum sai dai a bayan idonsa. Shi ma ya rasa inda zai sa kansa.

"Amma ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya," ta ci gaba, muryarta ta yi ƙasa. "Ka tara mini matattu a ɗaki suna tsaitsaye, ka hana su kwanciya. Ni da na yi takaba za ka koya wa ana dawowa? Duk ranar da ka tayar da wani, sai in kwana ina cewa, to nawa me ya yi da ba a samo masa sabara ba?"

Ni 'yarta ban taɓa sanin da wannan take kwana ba, kuma ya yi mini ciwo ƙwarai.

"Kaka," in ji Ɗantsoho. Yau babu amarya, babu tsohuwa. "Tsoro nake ji. Kar in karanta ki sake rufe baki."

"Kai ka buɗe shi, ko Allah?"

"Allah ne."

"To bar masa kayansa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Fito da shi, tun da ka zauna yake ƙara a aljihunka."

Ya dube ni. Na kau da kai, don ni ma tsoron nake ji. Ya zaro littafin a hankali.

"Akuyar ta amayo shi ke nan," in ji Inna.

"Ta ce ya yi mata ɗaci."

"Karanta, kuma in ji kukan takarda."

Ya karanta. Lubaira ta haye duwatsu, ta wuce masu gadin Sarkin Iska, ta iso bakin wani kogi wanda duk ya tsallaka ba ya komowa. Can a ɗaya gaɓar ta hango mijinta zaune a gindin bishiya. Ya gane ta. Ya tambaye ta yara, ya tambaye ta ko rufin ɗaki ya daina yoyo. Ta sa ƙafa a ruwa, ya ɗaga hannu ya ce ta tsaya, lokacinta bai yi ba, ta koma akwai masu jiranta. Ɗantsoho yana karantawa, takarda tana juyawa, ina ji. Bai ƙara ko kalma ɗaya tasa ba.

Sai Inna ta fashe da kuka. Kukan da ba ta yi ba ranar da aka fita da Baba, ba ta yi ranar uku ba, ba ta yi ranar arba'in ba, shi ne ya zo yau. Na yunƙura zan tashi, Ɗantsoho ya girgiza mini kai. Muka bar ta. Ta kira sunan Allah, ta yi wa Baba addu'a, muka ce amin, ni ma ina sharar nawa da gefen zane.

Da ta lafa, ta share fuska ta ce, "Da ta koma gida me ta yi?"

"An ce ta share tsakar gida, ta hura wuta."

"Ta ci abinci?"

Ya juya takarda. Daga inda nake na hango shafin fari ne fat. Na ce a raina, ɗan nan ka ce ta ci mana, me zai rage ka? Na ga bakinsa ya motsa, sai ya haɗiye.

"Ba a faɗa ba, Kaka. A nan ya ƙare."

Inna ta gyara zama.

"Namiji ne ya rubuta," in ji ta. "Bai sani ba. Mace ba ta hura wuta don ta kalle ta. Haulatu, ɗora tukunya, yunwa nake ji. Kai kuma mijin banza, gobe ka zo da na maƙerin nan mu yi masa sutura yadda ya kamata. Daga shi sai tsohon sarki, kowa a ba shi hakkinsa."

Ɗantsoho ya yi dariya, hawaye na zuba a gemunsa.

"Na sallama, amarya. Kin kayar da ni."

"Yau ka sani? Wanke hannu, na yafe maka loma uku."

Da na sauke, kwano ɗaya suka ci, tana bugun hannunsa wai ya shigo gefenta.