Rasuwar Malam Dongul, Mai Kai Ni Kusada

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafar da ta rasa wurin zuwa, ni Mubarak, mai sutudiyon haɗa waƙa na bakin tasha a Kankia, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar abokin sana'ata, Malam Dongul, wanda ya cika ranar Talata da hantsi yana soke a jikin kwamfuta.

Ga wanda bai san marigayin ba, shi ne ɗan ƙarfen nan mai kama da filashi, bai kai ɗan yatsa tsawo ba, wanda lasisin manhajar haɗa kiɗa yake zaune a cikinsa. In ba a soka shi ba manhajar ba ta buɗewa, ko da kuwa mawaƙi ya taso daga Rimaye da 'yan amshinsa cike da mota. Ni da Hussaini mai sutudiyo a Kusada muka yi tarayya muka saye shi. Mako guda a wurina, mako guda a wurinsa, kuma duk Asabar ni nake kai shi, ni nake ɗauko shi.

Marigayin mai haƙuri ne, mai kame baki. Bai taɓa cin data ba, bai taɓa cewa babu sabis ba. A soka shi ya ce ɗin-ɗin, a zare shi ya ce ɗun-ɗun, iyakar maganarsa ke nan a duniya. An raina shi ya shanye: wata uwar biki ta taɓa ɗaukarsa ta ce a zuba mata waƙar amarya a ciki. Ya shiga wanki a aljihun wando ya fito da ransa. Tun daga ranar na sa baduku ya ɗinka masa gidan fata na rataya shi a wuya kamar laya, har dattawa a mota suke tambayata wane malami ya ba ni.

Hussaini ya sha cewa in riƙa bai wa direba saƙon in huta da zirga-zirga. Na ce atafau, marigayin ba ya son zafin mota, ba ya son hannun baƙo. Masu bakin magana suna cewa wai ba lafiyar Dongul nake tsaro ba, wai don Rauda ƙanwar Hussaini ce take fito mini da zoɓo mai sanyi duk ranar da na je. Wannan ƙazafi ne, ko da yake zoɓon da daɗi. Gaskiya ne nakan zauna a zauren gidansu har la'asar, amma ai sai an tabbatar ya ce ɗin-ɗin a kwamfutar Kusada kafin mai amana ya tafi. Shekara da shekaru ban taɓa ce wa yarinyar nan komai ba sai sannu da aiki, ita kuma ta ce in gaida hanya.

Ciwon ajali ya zo ta imel. Kamfanin manhajar ya ce zamanin dongul ya wuce, kowa ya mayar da lasisinsa cikin asusu a intanet, kuma lasisi guda zai buɗe a kwamfuta biyu. Na yi jinya iya ƙarfina, Allah ya gani. Na ɓoye saƙon, na ce wa Hussaini 'yan damfara ne, na ce sabuwar manhajar tana sa murya ta shaƙe. Ashe shi ma an turo masa. Hussaini, mutumin da na ɗauka ɗan'uwa, ya latsa wurin mayar da lasisin da hannunsa, ya kira ni yana murna wai ya raba ni da wahalar hanya. Wahalar wa? Ni na kawo maka ƙara? Na soka marigayin, ya ce ɗin-ɗin a hankali, 'yar fitilarsa ta yi ƙif-ƙif, manhajar ta buɗe ba ta ko dube shi ba.

Ya rasu ya bar kwamfuta biyu da suka manta da shi tun gawarsa ba ta huce ba, da sifika guda mai tari, da gidan fata, da ni. Ni ne babban maraya, don Asabar ta zo ta wuce ban da dalilin shiga motar Kusada. Na ji labarin wani Kabir, malamin makaranta daga garin Ƙofa, ya fara ajiye babur a ƙofar gidan su Rauda, shi ko dongul bai da shi, da bakinsa yake zuwa. Rauda kuma ta aiko Hussaini da ta'aziyya, ta ce a tambaye ni to yanzu me zai riƙa kawo ni.

Game da jana'iza, liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, ya kuma ce in nemi abin yi. Saboda haka za a binne marigayin cikin gidan fatarsa ranar Asabar bayan la'asar, a gindin dalbejiyar ƙofar gidan su Hussaini a Kusada, inda ya fi son zama a rayuwarsa. A nan za a karɓi gaisuwa, a nan za a yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, kuma duk ni zan halarta. Ana roƙon masu babur daga Ƙofa su yi addu'a daga gida, wurin ajiye abin hawa ya cika.

Kawuna Ɗanmaliki ne zai jagoranci tawagar Kankia. Zai zo da manyan kaya da huhun goro, zai nemi ganin mahaifin Rauda a zaure. Goron ba na sadakar mamaci ba ne.