Yadda Dattijo Zai Kalli Fim ɗin Sifaniya a Gaban Surukinsa da Busasshen Ido

Ya kai ɗan'uwana dattijo, wanda gemunsa ya yi fari a Madina, in ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari za ka shiga ɗakin kallo da girmanka, ka fito da shi cif, ko ɗigon hawaye ɗaya ba zai sauko maka a kumatu ba. Ni Maigandi na gwada da kaina a gidan Rabo mai shagon dabino a Uhudu, shekarar da akwatin bidiyo ya shigo unguwarmu.

Ka san abin da nake tsarewa tukuna. 'Yata ta fari ta rasu a bazarar da ta gabaci wannan kallo, ta bar mijinta Abdussamad, direban motar ruwa, da 'yarsu ƙarama Safiyyatu. 'Yar fari ce, don haka ba zan rubuta sunanta ba, kamar yadda ban taɓa kiransa ba tana raye. Ranar da muka kai ta maƙabartar Baƙi'a na tsaya ƙyam kamar turken tanti, jama'a suka ce ba su taɓa ganin dauriya irin tawa ba. Da wannan yabon nake shiga taro. Kowa na iya ganin hawayena in ta kama dole, amma ban da mijin yarinyar nan.

Mataki na ɗaya: Kada ka yarda da hoton kwali

Abdou, wani ɗan Nijar da ke dafa wa Turawa abinci a Yanbu, shi ya kawo kaset ɗin. A kwalinsa an zana ƙarti biyu suna kokawa. Rabo ya tara mu bayan la'asar, maza a ɗaki, mata a bayan labulen ƙofa, yara a gaba. Aka danna. Maimakon ƙarti sai ga wani gida na dutse, da wata yarinya mai manyan idanu tana tsaye, ana fita da gawar uwarta.

“Kai Abdou, ina kokawar?” in ji Idrisa tela, mutumin Kano.

“Ku yi haƙuri, tana zuwa. Turawa ba su da gaggawa,” in ji Abdou.

Har yau ba ta zo ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, su Turawan ba a bari su shigo Madina, amma ga gidansu da damuwarsu da gajimarensu sun shigo a aljihun mai dafa abinci, ba wanda ya tambaye su takarda. Darasi: idan an ce maka kokawa ce, ka tafi da hankici.

Mataki na biyu: Zaɓi wurin zama da hikima

Zauna a inda surukinka ba zai ga fuskarka ba. Wannan ba wuya, domin suruki mai tarbiyya ba ya kallon fuskarka ko da ma. Abdussamad ya takure a lungu kusa da takalma, kansa a ƙasa, kamar kullum in ina wuri. Ni kuma na zauna daidai bakin mukayyif, injin sanyaya ɗaki, don iskarsa na busar da ido kafin ruwa ya taru. Zai ba ka ciwon wuya na kwanaki. Ciwon wuya ba abin kunya ba ne.

Mataki na uku: Karɓi aikin fassara

Bakin da ke aiki yana tsare ido. Da Rabo ya tambaya wa ke jin yaren, sai na ɗaga hannu. Ina da hujja: na taɓa shekara ina shayar da alhazan Maroko ruwa, kuma sun gaya mini daga bakin tekunsu ana hango fitilun Sifaniya. Wanda ya zauna da maƙwabcin mutum ai ya ɗan san mutumin.

Fassara ba ta da wahala in ka lura da gira. Akwai wani tsoho mai gashin baki, kakan yarinyar, yana yawo da tarin makullai a ƙugu. Shi ya sa aka buga wa tagogin gidan ƙusa, kuma in ya kaɗa ƙararrawa kowa zai zo ya sha miya shiru. Akwai uban yarinyar, wani siriri da ba ya magana. Duk sanda mai gashin baki ya buɗe baki sai in ce, “Ya ce a rufe ƙofa.” Sau da yawa kuwa sai a rufe. Idrisa ya jinjina kai ya ce, “Wallahi Malam yana ji.”

Mataki na huɗu: Kalli gefen hoto, kada ka kalli tsakiya

A tsakiya suke ajiye abin da ke kama mutum. Ita yarinyar nan kowace safiya sai ta ɗauki butar ban ruwa, ta je wurin kujerar da uwarta ke zama, ta zuba wa ƙafafunta ruwa kamar shuka. Kada ka kalli fuskarta a lokacin. Kalli burodin da ke kan tebur, wanda ya kai matashin kai girma. Kalli gajimarensu, da ke saukowa ƙasa-ƙasa har ka ce zai shiga kicin ya nemi wuta. Ni na shagala da tunanin ko kujera na iya toho. Itace ce dai, kuma na taɓa ganin sandar wani makaho da ya manta a bakin rijiya ta fitar da ganye. Da a ce za a bar ta, a daina goge ruwan, wa ya san abin da za ta haifa? Wataƙila ƙananan kujeru.

Wannan tunani ya riƙe ni har wurin da yarinyar ta kwantar da kanta a hannun kujerar. Daga nan ya sake ni.

Mataki na biyar: In ido ya fara cika, jefa siyasa

Wannan shi ne babban makami, kuma yana ceton ɗaki guda, ba kai kaɗai ba. Na ji hancin Idrisa ya fara ja, na ga Rabo yana ta gyara hular da ba ta karkace ba. Sai na yi gyaran murya na ce, “Jama'a, ku fa ba ku gane ba. Wannan ba gida ba ne, ƙasa ce. Kujerar nan mulki ce, mai makullan nan kuwa kun san ko waye.”

Ban san ko waye ba. Su suka sani.

“Wanga mutum namu na!” in ji Abdou, har da miƙewa. “Sojanmu na ƙasa, wallahi hag gashin bakin! Shi ma haka ya kulle muna tagogi.”

“Zauna, ɗan Nijar,” in ji Idrisa. “Ku har kuna da tagogin da za a kulle? Namu ne. Ba ka ga yadda yake shan miya shi kaɗai da nama ba?”

“To ku da kuke canza su kamar riga, wanne daga ciki?”

Wani daga baya ya ce shi dai kafilinsa yake gani, mai riƙe masa fasfo, don shi ma da makullai yake kwana. Nan Rabo ya tashi tsaye, ya rufe tagarsa da sauri.

“Ya jama'a, halas! Ba siyasa a gidana. Ku in ta ɓaci a sa ku a jirgi, ni ina za a kai ni? A nan aka yanke cibiyata.”

“Ga shi nan, shi ma ya rufe taga!” in ji Idrisa. Aka fashe da dariya.

Ka lura da amfanin abin. Duk tsawon gardamar nan ba wanda ya kalli yarinyar. Namiji zai yarda ya yi faɗa a kan shugaban da bai taɓa gani ba, da dai ya dubi marainiya tana ba kujera ruwa.

Mataki na shida: Kada ka tanka wa bayan labule

Tsofaffin mata ba su san siyasa ba, shi ya sa suke faɗar gaskiya. Fatna, wata tsohuwa 'yar asalin Chadi da muke wasa da ita, ta leƙo ta ce, “Ku bar wahalar da kanku. Ni dai Maigandi na gani. Tsoho ya haɗe rai, kowa a gida na jin tsoron ya yi kuka a gabansa.”

Ka yi kamar ba ka ji ba. Gashin bakina ma bai kai rabin nasa ba.

Mataki na bakwai: Yi hattara da jikoki

A nan ne masana da yawa suka faɗi. Kusa da ƙarshe aka zo ɗauke kujerar a kai ta ɗakin ajiya. Yarinyar ta roƙi a dakata, ta durƙusa, ta kai bakinta jikin itacen, ta yi raɗa.

Safiyyatu, wadda nake kira uwargidana saboda wasan jika da kaka, ta taso daga cikin yara ta dafa gwiwata. Hausa tana ji sarai, amma da Larabci take amsawa, kamar duk 'ya'yan da aka haifa a nan.

“Ya jaddi, esh galat?” Wato me ta ce.

Na juya fuskata wajen mukayyif.

“Kai ne mai fassara,” ta ƙara da Larabcinta. “Me ta gaya wa mamanta?”

Ba ta ce kujera ba. Ka ga illar yara: ba sa kallon gefen hoto.

Na buɗe baki in ce ta ce a rufe ƙofa. Muryar ta ƙi fitowa. Na nemi burodin, an ɗauke shi daga tebur. Na nemi gajimare, babu. Duk ɗakin ya juyo yana jirana, har labule ya daina motsi, ruwa kuwa ya riga ya cika mini ido, mukayyif ya kasa.

Mataki na takwas: Ka tabbata tun farko mutumin kirki ka ba 'yarka

Wannan matakin ana yin sa ne shekaru kafin kallo, amma sai a nan yake aiki.

Daga lungun takalma aka yi gyaran murya. Abdussamad, wanda tun da ya auri 'yata bai taɓa haɗa jimla biyu a gabana ba, ya ce, kansa a ƙasa, “Baba, a yi mini izini. Wannan wurin na ɗan ji.”

Na ɗaga masa hannu kamar mai yin alfarma.

“Cewa ta yi: Mama, kada ki damu. Baba ya koyi dafa shinkafa. Har yanzu tana caɓewa, amma muna ci.”

“Sahih!” in ji Safiyyatu, ta tafa hannu. “Wallahi tana caɓewa!”

Ɗaki ya ɗauki dariya. To ka sani, dariya da kuka ƙofarsu ɗaya, in ka buɗe wa wannan sai wancan ya bi bayansa. Na ji nawa ya ɓalle. Kafin ya kai gemu, Abdussamad ya miƙe, ya je wurin kaskon turaren wuta da matar Rabo ta ajiye don sallamar baƙi, ya ɗauki gwangwanin turaren gaba ɗaya ya juye a kan garwashi.

Hayaƙi ya turnuƙe, ga taga a rufe. Ba mai ganin hancin ɗan'uwansa. Kowa na tari, kowa na zubar da hawaye, hawaye na halal mai dalili.

“Kai direban ruwa, kashe mu za ka yi?” in ji Idrisa, yana kuka kamar an yaye shi.

“Turaren Indiya na wata guda!” in ji Rabo. “Ya Abdussamad, haram alek!”

“Hannuna ne ya kuɓuce,” in ji surukina.

Na yi abin da ya kamata babba ya yi. Na yi masa faɗa sosai a kan rashin natsuwa, ruwa na bin gemuna har ƙirji, shi kuma yana tsaye yana cewa, “Na tuba, Baba,” nasa na ɗiga a kan babbar yatsar ƙafarsa. Ban dube shi ba, bai dube ni ba. Muka daɗe a haka, don ba wanda ya yi gaggawar buɗe tagar.

Da muka fito tsakar gida, uwargidana ta kama hannuna, ta ja ni ƙasa, ta yi mini raɗa a kunne, wannan karon da Hausa tsantsa: “Tsoho, kai hayaƙin ya shige maka ido tun ba a zuba ba.”

Na ce mata haka idon masana yake, yana riga kowa ganin abu.

Gargaɗi

Wanda ya bi matakan nan ya samu ciwon wuya, ko tari, ko maƙwabta suka zo da bokitin ruwa suna zaton gobara ce, ba ruwan Maigandi. Wanda siyasa ta kai shi inda bai yi niyya ba, shi ya san wanda ya gani a gashin bakin, ni ban ambaci kowa ba. Wanda ya zuba wa kujerarsa ruwa ta ruɓe, kada ya zo mini. Wanda kuma ya bi komai daidai amma aka kama shi, to ya binciki surukinsa, laifin daga can ne. Ni dai jama'ar Uhudu shaida ne: turare ne.