Ranar da Na Ɓatar wa Kwamfutar Oga Hanya

Oga ya shigo ofishinmu na Jabi yana tsaki. Kwamfutarsa ta daina gane inda kayan haɗa manhaja suke, ga baƙi za su zo ganin aikinmu ƙarfe biyu.

"Kawo, Oga, aikin minti biyu ne," na ce, har da naɗe hannun riga.

Maimakon in ƙara sabuwar hanya a kan tsofaffin hanyoyin da kwamfutar ke bi ta gano kayan, sai na share su duka na dasa tawa. Daga nan duk umarnin da na buga, amsa ɗaya ce: ba a samu ba. Na hango aikin wata shida ya salwanta, na hango kaina a gidana na Kurudu ina yi wa matata bayani. Tsabar tsoro na miƙe na ce, "Oga, ka yafe mini. Firintar nan ma ni na lalata ta bara."

Blessing, abokiyar aikina, ta leƙo, ta rufe baƙar tagar kwamfutar da nake rubutu a ciki, ta buɗe sabuwa. Ashe a tagar kaɗai ɓarnar ta tsaya.

Har yau, ko fanka ce ta tsaya, sai Oga ya juyo ya ce, "Malam, akwai abin da kake son faɗa mana?"