Makokin Motar Bangon Marasa Gata

Duk Batsari babu mai tausayi irin Alhaji Maude ɗan kwangila, Bangon Marasa Gata. Shi ya naɗa wa kansa sarautar don ya hutar da masu naɗi, ya sa aka rubuta ta da ruwan zinariya a wani allo, aka liƙa a goshin motarsa. Cikin marasa gatan da suka jingina da bangon har da Yazid, ɗan Malam Habu tsohon hedimasta, wanda ya gama jami'a ya rasa aiki, Alhaji ya ɗaukaka shi zuwa direba.

Ran nan da safe Yazid ya wanke motar. Da hantsi ya sake nuna wa Alhaji tayar gaba, wadda ta suɗe har zare ya leƙo. Alhaji ya ce, "Tayar manya ba ta fashewa." Bayan azahar ya aike shi Safana karɓo babbar riga wajen maɗinki. Kafin la'asar tayar ta nuna ba ta san manya ba. Gawar Yazid aka kawo gida.

Alhaji ya zo wa Malam Habu gaisuwa idonsa jawur. Aka shafa fatiha, ya yi ajiyar zuciya.

"Malam, ni da kai duk an yi mana rashi. Inshora sun ce motar ba ta gyaruwa. Ko in karɓi kuɗi su ɗauke ta, ko in karɓi rabi in tashe ta. Kai mai ilimi ne, me ka gani?"

Malam Habu ya ce bai san mota ba. Abu ɗaya yake roƙo: hular Yazid tana cikin motar, wadda mahaifiyarsa Barira ta ɗinka da hannunta, kuma tun ranar ita take tambaya. Alhaji ya nuna alhini, amma ya ce doka doka ce, ba a taɓa komai sai an yanke shawara. Babbar rigar da ke jikinsa, wadda Yazid ya karɓo a Safana, ita doka ba ta gan ta ba.

An ce ana ta kai wa ke ta kaya. Masu faɗar haka ba su san Bango ba. Ya kira bakanike daga Katsina. Ya sa malamai istihara. A sadakar bakwai ya ji ra'ayin jama'a, 'yan gyara dama, 'yan sabuwa hagu. Kullum Malam Habu ya je, sai a ce ya dawo, ana kan nazari.

Daga ƙarshe hikima ta sauka: babban mutum ba ya hawa faci. Alhaji ya karɓi kuɗi, kamfani ya sayar wa 'yan gwangwan ragowar. Malam Habu ya iso ya tarar da shacin mai a ƙasa.

Alhaji ya kwantar masa da hankali. Kafin a ɗauke ta, in ji shi, shi da kansa ya durƙusa ya duba, bai bar wani abu mai muhimmanci ba. Ya ɗago allon sarautar, an goge shi tas.

Hular kuwa ta tafi da ƙarfe, aka auna su tare.