Rasuwar Belang, Tsakar Mbah Ngatirah

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsa a kumbure, Darsono na ƙauyen Sumberejo yake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar Belang, tokek, wato babbar tsakar gidan surukarsa Mbah Ngatirah, wanda ya cika ranar Laraba da hantsi a cikin kejin kaji.

Marigayin ƙaton namijin tsaka ne, mai ruwan toka da ɗigon ja, mai riƙon amana. Ya shekara da shekaru a bayan kabad yana cinye kyankyasan gidan, bai taɓa neman lada ba. Idan ya buɗe baki, "tok-kek, tok-kek," tsohuwar, wadda idanunta suka daɗe da mutuwa, takan bi shi kuka bayan kuka: "Zai dawo. Ba zai dawo ba. Zai dawo." Ɗanta Wagiman take nufi, wanda ya hau jirgin kamun kifi bai sake aiko ko gaisuwa ba. Belang bai taɓa tsayawa a kan "ba zai dawo ba", ko kuwa ita ce ba ta jin na ƙarshen.

Ciwon ajali ya soma ne ranar da wani dillali ya raɗa wa Darsono cewa attajiran birni na sayen tokek mai nauyi da kuɗin mota. Darsono ya zarge shi da igiya, ya sha cizo a yatsa, ya jefa shi a keji, ya yi ta ɗura masa hantar kaza. Da sikeli ya ƙi motsi, ya koma ɗura masa dalmar komar kifi.

"Darsono, yaron nan ya yi shiru, ko lafiya?" in ji Mbah.

"Ƙoshi ne ya yi masa yawa, Mbah. Kwanta abinki."

Dillalin ya zo, ya ɗaga shi da wutsiya, ya ce, "Mas Darsono, ni za ka sayar wa gawa?" Ya tashi babur ɗinsa.

Marigayin ya bar kyankyasai masu tarin yawa, da tsohuwa guda da ta kasa kunne ga bango.

Za a yi jana'iza gobe a bayan gida. Za a farke cikinsa a mayar da dalma ga mai ita, don ta aro ce. Za a baje shi a tsinken gora a shanya a rufin ɗaki, in ya bushe a daka a zuba wa Mbah a shayi, maganin tari. Ana roƙon masu ta'aziyya su yi magana ƙasa-ƙasa. Ba ta sani ba, kuma in ta sani ba za ta sha ba.