Ranar da Na Kori Tumakin Otal

Ba zan taɓa mantawa da safiyata ta farko a ƙasar Turawa ba. Ƙungiyar manoma ce ta tura mu kwas, ni daga Adabka, shugabanmu Alhaji Sani daga Gummi. Tun a jirgi yake ja mini kunne: "Ka natsu. In ka ba mu kunya, ko Gusau ba ka ƙara zuwa da sunan ƙungiya."

Aka sauke mu a wani otal na ƙauye, tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Ba babur, ba kukan jaki. Murna ta hana ni zama, har gadon sai da na ɗauki hotonsa na aika wa Inna.

Da gari ya waye na leƙa taga. Ga gona koriya shar kamar sabuwar alkama, ga tumaki a ciki suna ci hankali kwance. A garinmu fa, wanda ya ga dabba a gonar mutane ya kau da kai ba ɗan kirki ba ne. Na sunkuci tsintsiya na fita a guje, daga ni sai jallabiya da silifa (cikin sanyin nan, ku ji fa). Na buɗe ƙofar shinge, na kore su waje tas, na tsaya ina haki ina jiran godiya.

Tsohuwa mai otal ta fito dafe da kai. Tafintan da aka haɗa mu da shi ya ce tumakinta ne, gonar kuma ciyawa ce, don su aka shuka ta. Kafin ya rufe baki, tumakin sun auka lambun kabejin maƙwabcinta.

Alhaji Sani ya leƙo daga bene: "Kai, mi kaj jawo muna?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Har hantsi muna bin tumaki, Alhaji da babbar riga. Tsohuwar ta yi dariya har da hawaye ta yafe, amma Alhaji bai yafe ba. Daga nan ko Gusau ɗin ban ƙara gani ba.

Labari ya riga ni isa gida. Ja'e, makiyayin da na sha kai ƙara wurin mai gari, ya tare ni a kasuwa: "Sannu da zuwa, abokin sana'a. An ce ɓarnarka har Turai."

Yanzu in na tarar da shanu a gonata, sai na fara tambayar wa ya buɗe musu hanya. Wataƙila wani mai taimako ne irina.